Zafi, Sanyi da Ruwan Randa: Tambayoyi da Amsoshi Daga Damagaram

Na daɗe ina koyar da kimiyya a lakwal a nan Damagaram, kuma tambayoyin da ake mini a kan zafi kusan ba sa canzawa. Ɗalibai na yi a aji, magina na yi a bakin aiki, ƴan fada na yi suna jiran shayi, Inna ma a gida ba ta ƙyale ni ba. Kasuwar tambayar ta fi ci a watannin Afirilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 kowa ya zama masani. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, daga masu sauƙi zuwa masu lissafi. In da hali a fara da huɗun farko, don sauran a kansu suka jingina.

1. Wai shi zafi mene ne?

Duk abin da hannu ke taɓawa, dutse ne ko ruwa ko iskar cikin ɗaki, tarin wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma ƙwayoyin nan ba su san zama ba. A cikin ƙarfe karkarwa suke yi, kowace a mazauninta. A cikin ruwa zamewa suke a kan juna. A cikin iska kuwa gudu suke suna karo kamar ƴan kabu-kabu a bakin Kasuwar Dole. Ƙarfin wannan motsi gaba ɗayansa shi ake kira makamashin zafi. Idan abu ya ɗumama, motsin ƙwayoyinsa ne ya ƙaru. Idan ya huce, motsin ne ya lafa.

Masanan Turai sun daɗe suna zaton zafi wani irin ruwa ne marar nauyi da ke kwarara daga abu zuwa abu. A 1798 wani mai suna Rumford yana kula da huda bakin igwa a birnin Munik, sai ya lura muddin dawakai na juya abin hudawar, zafi ba ya yankewa, har ruwa ya tafasa ba a hura wuta ba. Da ruwa ne aka ajiye a cikin ƙarfen, ai da ya ƙare. Bayan 1840 James Joule na Ingila ya auna yawan aikin da ke haifar da zafi kaza, shi ya sa ma'aunin makamashi ke amsa sunansa, jul. Ka taɓa bakin zarto bayan kafinta ya gama yanka, za ka ji abin da Rumford ya gani.

2. Digiri da yawan zafi ba abu ɗaya ba ne?

Ko kusa. Digiri yana faɗa maka tsananin motsin ƙwayoyin, yawan zafi kuwa sai an haɗa da yawan abin kansa. Tartsatsin da ke tashi in mai walda na goge ƙarfe ya haura digiri 1,000, amma in ya sauka a hannunka, ɗan cizo za ka ji kamar na cinnaka, don ɗan ƙurar ƙarfen bai ɗauko komai ba. Bokitin ruwa mai digiri 60 kawai ya ishe ya saluɓe fatar yaro.

Ma'aunin da muke amfani da shi na Anders Celsius ne, mutumin Suwidin, tun 1742, ko da yake shi a nasa 0 ne tafasar ruwa, 100 daskarewa, sai daga baya aka juya. Jikin mai lafiya yana wajen digiri 37. In ka ji Ba'amurke ya ce zafin jikinsa 98.6, kada ka firgita, wani ma'auni ne daban, na Fahrenheit. Sanyi kuma yana da ƙarshe: digiri 273 ƙasa da sifili, inda motsin ƙwayoyi ya kai iyakar lafawa. Daga nan ma'aunin Kelvin ke fara ƙirga.

3. Idan na riƙe ƙanƙara, ba sanyi ne ke shiga hannuna ba?

Zafin hannunka ne ke fita. Sanyi kamar duhu yake: ba wanda ya taɓa ɗebo duhu a ƙwarya, rashin haske ne kawai. Zafi in an bar shi da kansa, daga inda digiri ya fi yawa yake tafiya zuwa inda ya fi ƙaranci, kamar ruwan sama da gangare, kuma ba ya tsayawa sai ɓangarorin biyu sun daidaita. Abin da fata ke ji a matsayin "sanyi" shi ne saurin ficewar zafinta.

Da na faɗi haka a gida, Inna ta ce, "To kai da ka sani, bar ƙofar a buɗe ka kwana." Ita ma da gaskiyarta: iska mai sanyi na shigowa, mai ɗumi na fita. Wannan ita ce hanya ta biyu a tambaya ta 4.

4. Ta wace hanya zafi ke bi daga wuri zuwa wuri?

Hanya uku ce, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa wurin ginin ƙasa ya ga ukun. Akwai lokacin da leburori ke jeruwa suna miƙa tubali hannu da hannu, ba wanda ya gusa daga inda yake amma tubali ya isa. Haka zafi ke ratsa ƙarfe ko bango: ƙwayar da ke karkarwa ta girgiza maƙwabciyarta, ita ma ta girgiza ta gaba. Wannan ita ce ratsawa. Akwai lokacin da mutum ke ɗora tubalin a ka ya kai shi da ƙafarsa. Haka ruwa da iska ke yi: wanda ya ɗumama ya yi shafal ya tashi sama da zafinsa, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa. Ni dako nake kiran wannan. Dubi ganyen shayi a cikin ruwan da ya kusa tafasa, yadda yake hawa yana sauka.

Ta uku ita ce jifa, yadda ake wurga wa magini tubali yana saman bango, ba hannu a tsakani, ba ɗan dako. Kowane abu yana fitar da zafinsa a siffar haske, mafi yawansa irin wanda ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano a 1800. Shi ne hucin da ke dukan fuskarka in ka zauna gaban murhu, bayanka kuwa na jin ɗari. Ta haka zafin rana ke iso mu daga nisan kilomita miliyan 150, cikin minti takwas da ƴan daƙiƙu, ta sararin da ba iska ko kaɗan. Kuma jifan nan yana ƙaruwa da sauri ƙwarai idan abu ya ƙara zafi: in aka ninka digirinsa a ma'aunin Kelvin, abin da yake jefowa ya ninka sau 16.

Duk wata dabarar sanyaya ɗaki ko adana ɗumi, tun daga rawani har firigo, toshe ɗaya daga cikin hanyoyin nan ne ko buɗe ta. In ka riƙe wannan, rabin amsoshin da ke ƙasa kai ma za ka iya ba da su.

5. Me ya sa ƙofar ƙarfe ta fi ta katako sanyi da asuba, ta kuma fi ta zafi da rana?

Da asuba digirinsu ɗaya ne, tunda a wuri ɗaya suka kwana. Ƙarfe ne ke saurin kwashe zafin hannunka, katako kuwa nawa yake yi. Da rana lamarin ya juya: ƙarfen ya juye maka zafinsa nan take. A ma'aunin saurin ratsawa, jan ƙarfe yana wajen 400, alminiyam wajen 230, ƙarfen gini wajen 50, ruwa 0.6, katako bai wuce 0.2 ba, iskar da ke tsaye kuwa 0.026 kawai. Shi ya sa tukunya ta ƙarfe ce amma muciya ta icce, kuma mai tuƙa tuwo ba ta taɓa ƙonewa ta hanyar muciya ba. A riƙe lambar iskar nan, za ta dawo a tambaya ta 8 da ta 10.

6. Yaya randa ke sanyaya ruwa ba wuta ba ƙanƙara?

Randa gumi take yi. Yumɓun da aka gasa yana da ƙananan kafofi, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu ya jiƙa bayanta, iska ta busar da shi. To kafin ruwa ya zama tururi sai ya sami makamashi mai yawan gaske, wajen jul miliyan 2.4 ga kowace lita, kuma wani kaso mai tsoka na makamashin nan daga ruwan cikin randar yake zarowa. Ƙwayoyin da suka fi zafin gudu su ke tserewa, masu nawa su rage a ciki. Salkar makiyayi da ke rataye a gefen raƙumi ko a gaban babbar mota ita ma haka take aiki.

Randar Inna tana gindin bedi a tsakar gida, an kafa gindinta cikin jiƙaƙƙen rairayi, da faifai a baki da moɗa a kai. Ba ta yarda a kai ta ɗaki, wai "ba ta son ƙunci". Ba ta san jul ba, amma ta haɗa sharuɗɗan duka: inuwa don toshe jifan rana, iska mai kaɗawa don busarwa, rairayi mai laima don ƙara wurin tsattsafowa. Wata shekara wani ƙanena ya ga randar na "yoyo", ya yi mata gwaninta ya shafe bayanta da siminti. Yoyon ya tsaya, sanyin ma ya tsaya, sai da aka sayo sabuwa. Haka in randa ta tsufa kafofinta suka toshe, ruwanta ba ya daɗi kamar na sabuwa.

Busasshiyar iskar rani ce abokiyar randa. A watan Agusta iska ta riga ta ƙoshi da laima, busarwa ta ragu, sanyin randa ma ya ragu. A kan wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami kyautar Rolex a 2000. Lissafin abin da randa ke "sha" yana tambaya ta 17.

7. Fanka na sanyaya ɗaki?

Mutum take sanyayawa, ɗakin kuwa ɗan ƙara masa zafi ma take yi, don duk wutar da injinta ya ci zafi take komawa. Aikinta shi ne ta kore iskar da ta jiƙa a jikin fatarka ta kawo busasshiya, gumi ya bushe, ya tafi da zafi kamar dai randa. Barin fanka na juyawa a ɗakin da ba kowa ɓarnar wuta ce.

Sai a kula: in iskar ɗaki ta wuce zafin jiki, fanka na iya zama mai hura maka wuta, musamman ga tsoho ko jinjiri ko marar lafiya da guminsa bai da yawa. A irin wannan rana a jiƙa zane a yafa, ko a yayyafa ruwa a jiki, sannan a kunna. Kuma gumi daga ruwan jikinka yake, sai ana mayarwa. Wanda ya rikice, jikinsa ya yi rau da zafi, yana magana ba kan gado, a kai shi inuwa a jiƙa shi a nufi likita ba jira.

8. Me ya sa soro ya fi ɗakin kwano sanyi?

Da tsakar rana, kowace murabba'in mita ɗaya tana karɓar wajen wat 1,000 daga rana, wato jul 1,000 a kowace daƙiƙa. Rufin ɗaki mai mita 4 da 4 ke nan yana shan wat 16,000, kamar a jera dutsen guga na lantarki goma a kunna. Kwano siriri ne kuma ƙarfe ne, don haka abin da ya sha yana ratsa shi cikin ƙiftawar ido, ya zama kasko mai wuce digiri 60, ya dinga jefo huci a kan duk wanda ke ƙasa. Rufin azara da ƙasa da bango mai kauri kuwa sai sun cika cikinsu tukuna, zafin na rarrafawa a hankali, ya ɗauki sa'o'i masu yawa kafin ya leƙo ciki. Shiga wani tsohon zaure a Birni da azahar, ko ka tsaya a inuwar ginin fadar Sarki, za ka ji bambancin a fatarka tun kafin a yi maka bayani.

Amma kada a yi wa soro yabon da ya wuce kima. Bashi yake ɗauka da rana ya biya da dare. A tsakiyar bazara, in dare ya yi bangon na amayo abin da ya haɗiya, shi ya sa kowa ke jan tabarma zuwa tsakar gida, ɗakin kwano kuwa ya riga ya huce. Dabarar masu soro ita ce a rufe da rana, a buɗe ƙofa da taga da dare don iska ta yi dakon zafin waje.

Ni kaina na ci wannan jarrabawa da sifili. Da na gina ɗakina, dattijon maginin ya ce, "Malam, ka ɗaga kwanon nan, ka sa silin, ka bar ƴan kafofi a sama." Na ce, "Baba, kuɗi sun ƙare, in an yi albashi a sa." Watan Mayu na farko kyandir ɗin da na ajiye kan tebur ya lanƙwashe da kansa, ba a kunna shi ba. Silin yana tare hucin kwano, iskar da ke tsakaninsu ba ta da saurin ratsawa (tambaya ta 5), kafofin sama kuma na barin mai zafi ta fice. Wanda ba shi da halin silin, ko zana ko tabarmar kaba ya shimfiɗa ƙarƙashin kwanon ko a kansa, zai ga sauƙi.

9. Farin kaya ya fi baƙi a rana? To me ya sa Buzaye ke naɗa baƙin rawani?

Fari na mayar da mafi yawan hasken rana, baƙi na shanyewa. Shi ya sa shafa farin fenti ko farar ƙasa a kan rufi na daga cikin gyara mafi arha da za ka yi wa ɗaki, in dai kana wanke ƙurar da ke dusashe shi. Ga tufafi kuwa launi ba shi kaɗai ke magana ba. Wani bincike da aka buga a 1980 kan baƙaƙen rigunan makiyayan hamadar Sinai ya nuna cewa in riga na da kauri kuma burmemiya ce, zafin da baƙin ya sha ba ya isa fata, don iska na kewayawa a ƙarƙashi tana ɗauke shi. Baƙar riga matsattsiya mai shara-shara ita ce azaba. Babbar riga da rawani inuwa ce da mutum ke yawo da ita.

10. Bargo ɗumi yake kawowa, to me ya sa mai ƙanƙara ke naɗe ta da buhu?

Bargo bai da ɗumin kansa. Jikinka ne murhun, yana fitar da wajen wat 100 ko kana kwance, bargo kuwa iska yake tsarewa a tsakanin zarensa don zafin ya rasa hanyar fita. Shingen da ya hana zafi fita shi ne kuma ke hana shi shiga. Dubi mai sayar da ƙanƙara da azumi: buhu a ƙasa, ɗusar katako a tsakani, wani buhun a sama, kuma in ya ɗaga ya yanko maka, da sauri yake mayarwa yana harararka in ka tsaya ciniki. Sharaɗi ɗaya: abin naɗin ya zama busasshe, don ruwa ya fi iska saurin ratsar da zafi fiye da sau 20.

11. Me ya sa rairayi ke ƙona ƙafa da rana, da asubar hunturu kuma ya yi sanyi ƙarara?

Kowane abu da girman cikinsa wajen haɗiyar zafi. Kilo ɗaya na ruwa sai ya sha jul 4,200 kafin ya hau digiri ɗaya. Rairayi wajen 800 ya ishe shi, ƙarfe 450. Ga shi kuma busasshen rairayi ba ya tura zafi ƙasa da sauri, sai saman ya ɗauke shi duka. Tona rami da yatsa kaɗan za ka tarar da sanyi, abin da kare da kaza suka daɗe da sani.

Da dare ƙasa na jefa zafinta sama. In akwai gajimare da laima, suna tare wani kaso su mayar, kamar bargo. A Disamba da Janairu sama a bushe take, abin da ya tafi ya tafi, shi ya sa rana ke da ɗumi amma asuba sai da wuta. Manyan duwatsun garin nan kuwa, saboda girmansu da yadda zafi ke shiga cikinsu da zurfi, sukan riƙe ɗumi har bayan isha'i. Wanda gidansa ke jingine da dutse ya sani.

12. Akwai laifi a kwana da garwashi a ɗaki lokacin sanyi?

Akwai, babba ma. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma mai barci ba ya farkawa ya gudu. A ji ɗumi ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon wuta kafin a kwanta.

13. Idan na ƙara wuta, abinci zai fi saurin nuna?

Kafin tafasa, i. Bayan tafasa, a'a. Ruwan da ke tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digirin da ya tsaya a kai ko da ka zuba itacen duniya. Duk ƙarin wutar a mayar da ruwa tururi take tafiya. Joseph Black na Sikotland ne ya fayyace wannan ɓoyayyen zafi wajen 1760. Ana cewa ruwa na tafasa a digiri 100, amma a bakin teku ke nan. Damagaram na sama da teku da mita ɗari huɗu da wani abu, nauyin iska ya ɗan ragu, don haka namu na tafasa wajen 98 da rabi. Tukunya mai matse tururi tana kai ruwa kusan digiri 120, shi ya sa wake da ganda ke saurin laushi a cikinta.

Saboda haka in tukunya ta tafasa, a janye itace, a rufe da murfi. Murfi na tare tururin da zai gudu da makamashi. Murhun duwatsu uku yana da daɗin sha'ani, amma mafi yawan zafin itacen iska ke kwashewa ta gefe, abin da ke shiga tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Kewaye wutar da ginin laka ko murhun ƙarfe yana tilasta hucin ya lashi gindin tukunya. A garin da itace ke zuwa daga nesa, wannan maganar aljihu ce.

Abu biyu na kiyayewa: tururi ya fi tafasasshen ruwa mugun ƙuna, don in ya koma ruwa a kan fata yana sauke duk ɓoyayyen zafin nan. Man suya kuma yana kai wa wajen digiri 180, shi ya sa ɗigon ruwa ke fashewa a cikinsa. Kada a taɓa kashe wutar mai da ruwa. A rufe kaskon.

14. Ɗaga buta sama da mai shayi ke yi, burga ce ko da dalili?

Da burga da dalili. Siririn zaren shayin da ke sauka daga sama yana haɗuwa da iska ta kowane gefe, wani ya zama tururi ya tafi da zafi, sikari ya gauraya, kumfa ta tashi. Kumfar kuma iska ce a tsare, sai ta zama murfin da ke riƙe ɗumin abin da ya rage a kofi. Fifita koko da ludayi ma wannan ne.

15. In na buɗe ƙofar firigo, zai sanyaya mini ɗaki?

Wani ɗalibi ya taɓa ce mini, "Mushe, ai kun ce zafi ba ya tafiya daga sanyi zuwa zafi, to firigo fa?" Na ce ruwa ma ba ya hawa tudu, amma ɗan garuwa na kai shi. Firigo, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira firiji, ɗan garuwar zafi ne: wani sinadari na zama tururi a cikin bututun ciki ya kwashi zafin kayan, inji ya matse shi, ya sauke zafin a bututun baya. Ladan dakon shi ne wutar lantarki, ita ma zafi take komawa. Don haka abin da ke fita ta baya kullum ya fi abin da aka kwasa a ciki, kuma firigo mai buɗaɗɗiyar ƙofa ƙara wa ɗaki zafi yake. Na'urar sanyaya ɗaki ta tsira ne kawai don bayanta na waje.

A janye firigo daga jikin bango, a kakkaɓe ƙurar bayansa, kada a sa abinci da zafinsa. Tarmos kuwa ba ya dako ko kaɗan, toshe hanyoyi yake yi: bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu don hana ratsawa da dako, da rufi mai ƙyalli don mayar da huci. James Dewar ne ya ƙirƙiro shi a 1892.

16. Farantin sola ba ya fi ba da wuta in rana ta fi zafi?

Haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a digiri 25, kuma irin farantan da suka fi yawa a kasuwa na rasa wajen kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri da suka hau. Farantin da ya kai digiri 65 ya yi asarar kusan kashi 16. Kada a manna shi a jikin kwano, a ɗaga shi iska ta bi ta ƙarƙashi. Batir kuma a ajiye shi a inuwa, zafi na rage masa kwana. Ƙarar "ƙas-ƙas" da za ka ji kwanon na yi da yamma ba aljanu ba ne: ƙarfe mai tsawon mita 10 yana miƙewa kusan milimita 5 in ya hau digiri 40, in ya huce ya koma.

17. Yaya ake lissafin zafi?

A ninka abu uku: nauyi a kilo, da girman cikin abin (4,200 ga ruwa, duba tambaya ta 11), da yawan digirin da ake so ya hau ko ya sauka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Daga digiri 30 zuwa 100, ke nan 1 sau 4,200 sau 70, jul 294,000. Wat ɗaya jul ɗaya ne a daƙiƙa, don haka abin dafa ruwa mai wat 1,500 zai yi aikin cikin daƙiƙa 196, minti uku da ɗoriya, in ba a lissafa abin da ya zube a hanya ba. Amma kafin litar nan ta ƙafe ƙaf sai ta ƙara shan jul 2,260,000, kusan ninki takwas na abin da ya kai ta tafasa. Masu shirin jarrabawa, a nan kuke yawan faɗuwa: kuna manta cewa narkewa da tafasa lissafinsu daban ne, digiri ba ya motsi a lokacinsu.

Ga na masu biki. Jarka mai lita 20 ta wuni a rana ta kai digiri 35, ana so ta sauko 15. Zafin da za a cire: 20 sau 4,200 sau 20, jul 1,680,000. Kowane kilo na ƙanƙara yana shan jul 334,000 wajen narkewa, da ƙarin 63,000 kafin ruwansa ya hau digiri 15, jimilla 397,000. In aka raba, ana bukatar ƙanƙara kilo huɗu da ɗan kai.

Randa kuma fa? Don ta sauke lita 20 da digiri 10 sai ta fitar da jul 840,000. A raba da miliyan 2.4 na tambaya ta 6, ya ba da lita 0.35, wato sulusin lita ya bi iska. A zahiri abin da ke tafiya a wuni ya fi haka, tunda zafin waje bai daina shigowa ba kuma sai ta ci gaba da korarsa. Da na kai wa Inna wannan lissafi, ta leƙa randar ta ce wanda ya ɓace ya fi moɗa uku, kuma ta san yaran da suka sha biyu.